Karatun iska ba aikin iska ba ne

 Yau za mu taɓa wata magana da ta shafi yaranmu ƴan lakkwal, musamman waɗanda suka sami bak suna shawarar fannin da za su bi a jami'a, da kuma iyayen da ke zaune suna jiran ranar da za su ci moriyar wahalarsu.

Duk wanda ya saba zama kusa da fadar samari a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ya san abin da ake faɗa in an zo zancen aiki. Wannan likita yake so, wancan duwan, wani jandarma, wani alƙali. Tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011 karatun man fetur ya shiga sahu, haka nan karatun kwamfuta tun da wayar hannu ta cika gari. Wanda bai tsai da shawara ba, burinsa dai ya sami wani poroje mai farar mota. Ba mu ga laifin kowa ba, domin duka ayyuka ne na neman halal. Amma ka ce wa ɗayansu akwai wani fanni da ake kira ilimin gurɓatar iska, wato sanin abin da ke cikin iskar da muke shaƙa da yadda ake auna shi, sai ka ga an fashe da dariya har shayi na zuba.

Dariyar tana da dalili, kuma harshenmu ne ya jawo ta. A Hausa abin da ya bi iska ya ɓace, aikin iska aikin banza ne, ɗan iska kuwa kowa ya san shi, ga kuma iskoki da ake tsoro. Ku duba halin dattijon da aka tambaya a ƙofar masallaci me ɗansa ke karanta a jami'a, ya ce iska. Ai sai a yi masa jaje. To amma in an gama dariya, samarin suna da hujjoji na gaske, kuma ya kamata a saurare su a ba su amsa.

Abin da suka fi faɗa shi ne wannan matsalar Turawa ce da ƴan Sin, masu manyan masana'antu da hayaƙi ke tashi dare da rana, mu nan me muke ƙerawa da zai ɓata iska? Gaskiya ne can aka fara farga. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe birnin Landan kwana 5, aka ƙirga mutum wajen 4,000 da suka mutu a take, daga baya masu bincike suka ce adadin ya kai kusan 12,000. Wannan ne ya sa Ingila ta yi dokar tsabtace iska a 1956. Sai dai huhun mutum bai san bambancin hayaƙin masana'anta da na murhu ba, kuma bai damu da ko ƙurar daga ina ta taso ba. Abin da ya dame shi shi ne girman ƙwayar da yawanta.

Bari mu ɗan yi bayani a nan, don shi ne tushen fannin duka. Masana suna auna ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da wani ma'auni da ake kira maikuron, wanda sai an jera 1,000 suke cika milimita ɗaya. Kaurin gashin kan mutum wajen maikuron 70 ne. Manyan ƙwayoyi gashin hanci da majina suna tare su, shi ya sa muke fyace ƙasa da hunturu. Waɗanda ba su wuce maikuron 10 ba, ana ce musu PM10, suna wucewa maƙogwaro su shiga hanyoyin numfashi. Waɗanda ba su wuce 2.5 ba, wato PM2.5, su ne mugaye, domin suna isa can ƙuryar huhu inda iska ke haɗuwa da jini, mafiya ƙanƙanta ma su ratsa su shiga jinin. Daga nan ake samun limoniya ga jarirai, da fuka, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da sankarar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana da hannu a mutuwar mutum wajen miliyan 7 kowace shekara. A 2021 hukumar ta rage iyakar PM2.5 da take ganin ba ta da haɗari sosai, daga maikurogiram 10 zuwa 5 a matsakaicin shekara, cikin iskar da za ta cika akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne.

Yanzu ku riƙe wannan 5 ɗin. A rahoton shekara-shekara na kamfanin IQAir na ƙasar Suwizalan, ƙasar da ta zo ta ɗaya a duniya wajen gurɓatar iska a 2022 ba Sin ba ce, ba Indiya ba ce, maƙwabciyarmu Cadi ce, da 89.7. A 2024 ta sake zuwa ta ɗaya da 91.8, wato ninkin iyakar fiye da sau 18. Masana'antu nawa ne a Injamena?

Babban dalili yana arewacin Cadin, a wani ƙwari da ake kira Bodele. Shekaru dubbai da suka wuce wurin gindin tabkin Cadi ne, lokacin da tabkin ya yi girman teku. Ruwa ya janye ya bar wata farar ƙasa mai laushi kamar gari, wadda ragowar ɓawon ƙananan halittun ruwa ce. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar yadda take matsewa a lungu, ta fito da ƙarfi ta faɗa kan wannan gari ta kwashe shi sama. Haka take yi wajen kwana 100 a shekara, kuma masana da yawa suna lissafa wurin a matsayin wanda ya fi ko'ina tashin ƙura a duniya. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙurar ta iso Diffa da Damagaram, ta wuce Kano, har bakin teku. Hazon da ke rufe mana rana daga Nuwamba zuwa Maris, ya tsattsage mana leɓe da diddige, ya hana jirgi sauka, kaso mai yawa nasa daga can yake.

Wannan na sama ke nan. Na ƙasa kuma mu muke haɗa shi da hannunmu. Fiye da gida 9 cikin 10 a Nijar da itace ko gawayi ko kara ake girki. Uwa tana durƙushe gaban murhu a ɗakin girki marar taga, idonta na hawaye, goyonta na bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa, safe da yamma, shekara da shekaru. A duniya irin wannan hayaƙi na cikin gida shi kaɗai yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, mata da ƙananan yara kuwa su suka fi kowa zama a cikinsa. A birane ga tsofaffin motocin da Turai ta gama ci ta turo mana, ga ƴan kabu-kabu, ga gurup da ake tayarwa in wuta ta ɗauke, ga juji da ake cinna wa wuta da magariba da leda da tsohon batir a ciki, duk da cewa tun 2014 aka yi dokar hana leda marar ruɓewa. Samarinmu da suka tafi haƙar zinariya Jado tun 2014 suna ƙona zaiba a gaban hancinsu don su fidda zinariyar. Ba mu manta ba kuma da abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai darma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400.

Sai wani saurayin ya ce, to mun ji, amma hazo na Allah ne, wa ya isa ya tare shi, in ka auna shi me ka rage? Wannan hujja ta fi ta farko nauyi. Amsarmu ita ce ruwan sama ma na Allah ne, amma ba wanda ya ce ma'aikatan hasashen yanayi aikin banza suke yi in sun gaya wa manomi damina za ta makara ya nemi iri mai saurin nuna.

Ku ɗauki sanƙarau. Tun 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya nuna cewa annobar tana bin wani zirin ƙasa, wanda a yau ake lissafa shi daga Senegal zuwa Habasha, kuma Nijar tana tsakiyarsa. Tana tashi da rani, tana kwantawa da saukar ruwan farko, abin da kakanninmu suka sani ba tare da littafi ba. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba ƙura ba, amma busasshiyar iska mai ƙura tana raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar da ke zaune lafiya a wurin ta sami ƙofa. A 1996 annobar ta kama mutum wajen 250,000 a Afirka ta kashe wajen 25,000. Allurar rigakafin da aka fara a Burkina da Mali da Nijar a 2010 ta karya lagon nau'in A, sai ga nau'in C a 2015 ya kama fiye da mutum 8,000 a ƙasarmu, fiye da 500 suka rasu, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. Masu bincike sun ɗauki alƙaluman sanƙarau na Nijar daga 1986 zuwa 2006 suka gwama da na iska da ƙura, suka ga cewa ƙarfin iska da yawan ƙura a farkon hunturu suna taimakawa wajen hango ko shekarar za ta yi muni. Wanda ya iya wannan lissafi zai iya gaya wa ma'aikatar lafiya tun Disamba ta tanadi allura da magani, maimakon a jira sai gadajen asibiti sun cika. In wannan ba ceton rai ba ne, ba mu san sunansa ba.

Akwai kuma abin da awo ya kawar ɗungurungum. Daga 1923 aka riƙa zuba darma a man fetur don inji ya yi laushi, duniya duka tana shaƙa, tana dakushe ƙwaƙwalwar yara ba a sani ba. Wani Ba'amurke mai suna Clair Patterson, wanda aikinsa auna shekarun duwatsu ne, ya lura darma ta cika ko'ina har tana ɓata masa awo. Ya bi sawunta cikin ruwan teku da ƙanƙara, a 1965 ya fito da sakamakonsa, masu harkar mai suka yi masa caa. Shi ya yi gaskiya. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun haɗu a Dakar a 2001 suka yi alkawarin daina irin wannan mai, suka daina a farkon 2006, kuma Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe a duniya, ta daina a 2021. Yaron da ya sami bak bana bai shaƙi abin da yayyensa suka shaƙa a bakin tasha ba, kuma bai san wa zai gode wa ba.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya a wannan magana shi ne, iskarmu ba a rasa masu sha'awar ta ba, sai dai yawancinsu baƙi ne. A 2006, lokacin babban binciken daminar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, Amurkawa sun girke tashar awo sukutum a filin jirgin Yamai har shekara guda, ta kuma kama babbar guguwar ƙurar watan Maris na shekarar, wadda aka yi rubuce-rubuce a kanta a manyan mujallun kimiyya. A shekarar dai aka kafa na'urar auna PM10 a ƙauyen Banizumbu, wajen kilomita 60 gabas da Yamai, tare da irinta a Cinzana ta Mali da Mbur ta Senegal, tana ba da awo duk minti 5. Ta nuna ranakun da ƙura ke ninka iyakar Hukumar Lafiya sau 10 har fiye, ta kuma nuna cewa ƙura mafi kauri ba ta hunturu ba ce, ta gaban hadarin farkon damina ce, wadda ke kwasar ƙasar gonakinmu. Sunan Banizumbu sananne ne ga masu binciken ƙura a Faransa da Amurka, alhali da wuya ka sami ɗan lise a Yamai da ya taɓa jin sa. Hasashen inda ƙurar Sahara za ta nufa nan da kwana 3 kuwa, a Basalona ta ƙasar Sifen cibiyarsa take.

Hausawa suka ce zanen aro ba ya rufe katara. A watan Maris na 2025 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta daina rarraba awon iskar da ofisoshin jakadancinta ke yi a birane da yawa na duniya, ta ce don ƙarancin kuɗi. A wasu biranen Afirka, har da Injamena, irin wannan na'ura tana cikin ƴan ƙalilan da ake dogaro da su. Wani ya yi lissafin aljihunsa a Washinton, mutane a nan suka wayi gari ba su san abin da suke shaƙa ba. Muna ta maganar ƴancin kai a kan yuraniyom da man fetur da tsaro, to ga wani ɓangarensa da ba a hawa mumbari a kansa.

Yanzu mu zo ga hujjar da ba mu da saurin amsa ta, wato ta abinci. Saurayi zai ce, na yi shekara 5 ko 8 ina karatun nan, wa zai ɗauke ni? Ya ga yayansa mai digirin kimiyya ya ƙare yana koyarwa a kan kwantiragi, albashi na zuwa in ya ga dama, ya ga abokinsa da ya shiga duwan ya yi gini. A gidan da aka sayar da tumaki aka biya kuɗin karatu, ba a zaɓen fanni don sha'awa. A nan samarin suna da gaskiya, kuma laifin ba nasu ba ne. Ƙasa ba ta iya cewa tana son masana alhali ba ta buɗe musu kujera ba. Muna da dokar kare muhalli tun 1998, wadda ta ce kafin a kafa babban aiki sai an binciki illarsa ga mutane da ƙasa. Da ana bin ta sau da ƙafa, da kowane wurin haƙar ma'adinai, da masana'antar siminti, da tashar wuta mai ƙona kwal ko gazuwal, da matatar mai, sai sun ajiye masu auna iska, hukuma kuma ta ajiye nata masu duba ko awon gaskiya ne. Da ma'aikatar magajin garin kowane babban birni ta ɗauki ko da mutum 2. Waɗannan kujeru ba sadaka ba ne, aikin da doka ta riga ta ambata ne.

Duk da haka ƙofofin da ke akwai sun fi yadda samarin suke zato, kuma abin mamaki yawancinsu a Yamai suke. Makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA tana horar da ma'aikatan yanayi da na jiragen sama tun 1963, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan babban fari tana horar da injiniyoyi da masu fasaha kan yanayi da ruwa da noma. Cibiyar yanayi ta Afirka duka, ACMAD, a Yamai take zaune tun 1992. Ga CERMES mai binciken cututtuka, ga ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa. Ƴaƴan wasu ƙasashe suna hawo jirgi su zo su yi karatu a bayan gidanmu, namu suna wucewa ta ƙofar a kan babur ba su san me ake yi a ciki ba. Hanyar kuwa ba ɓoyayya ba ce: bak na seri C ko D, sannan fizik, ko kimiyyar sinadarai, ko lissafi, ko aikin likita, a jami'ar Abdu Mumuni ko na jihohi. Shi kansa Abdu Mumuni Jofo, haifaffen Tasawa a 1929, ya ba da rayuwarsa ga binciken hasken rana a lokacin da mutane ke ganin rana ba abin karantawa ba ce, abin gudu ce. Ya rasu a 1991, yau ga faranti mai kama hasken rana a kan rufin shago da rijiya. Ƙurar da ke kwanciya a kan farantin tana rage masa ƙarfi, wannan ma wani aikin ne ga mai auna ƙura.

Masu son kwamfuta su ma da rabonsu. Da can na'urar awo ta kirki miliyoyin sefa take ci, yanzu akwai ƙanana da kuɗinsu bai fi na waya mai kyau ba, ko da yake sai an riƙa gwada su da babbar don kada su yi ƙarya. A jami'ar Makerere ta Yuganda, wata ƙungiyar malamai da ɗalibai mai suna AirQo ta fara ƙera irinsu tun wajen 2015, waɗanda ke jure ƙura da ɗaukewar wuta, suna liƙa su a kan gine-gine da baburan haya, awon na shiga intanet kowa ya gani, har sun kai su biranen wasu ƙasashen Afirka. Ba abin da suka yi da ya fi ƙarfin yaron da ke kwance waya ya ɗaura a kasuwar Maraɗi, in ya sami lissafin da malamin.

Ƴan mata kuwa muna da magana ta musamman da su da iyayensu. Namiji mai na'ura ba ya wuce zaure, hayaƙin kuwa a cikin gida yake. Wadda za ta shiga ɗakin girki ta rataya na'ura, ta zauna da uwar gida ta gwada murhun duwatsu uku da ingantaccen murhu da na gas, ta nuna mata bambancin a lamba, mace ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai zama masani nan da shekara 10 yau yana aji na lise, kuma ba zai so abin da bai taɓa gani ba. Don haka roƙonmu ga ma'aikatar ilimi, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da attajiranmu masu gina aji don neman lada, shi ne a sayi ƙaramar na'ura ɗaya-ɗaya a kafa a lise Isa Korombe a Yamai, da Ɗan Baskore a Maraɗi, da Amadu Kuran Daga a Damagaram, da Tagama a Agadas, a damƙa wa malamin fizik da ɗalibansa. Kowace safiya su rubuta awon a allon ƙofar makaranta, su aika wa gidan rediyon gari ya karanta tare da farashin tiyar hatsi, ya ce yau masu fuka da tsofaffi da jarirai su zauna ɗaka, mai fita ya rufe hanci da rawani ko ƙyalle. Shugaban makarantar da ke son farawa kafin hunturu mai zuwa ya rubuto wa wannan jarida, za mu buga wasiƙarsa a nan.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.